Tsohon gidan mai nake son saya in gina shaguna amma ƙasar tana warin fetur, ya ake gyara irin wannan?

MaiShaguna:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin ƙasa da ruwa da masu harkar gini ku taimaka min da shawara. Akwai wani fili da aka kawo min talla, tsohon gidan mai ne da aka daɗe da rufewa, famfunan duk an cire sai rumfar da ɗan ofis ɗin suka rage, wuri ne mai kyau a bakin titi, ni kuma abinda nake so shine in rushe in gina layin shaguna sama da ƙasa. To mun je da mai awon ƙasa don a duba ƙarfinta saboda harsashin gini, aka haƙa rami bai wuce tsayin mutum ba sai ga warin fetur yana tasowa sosai wlh har sai da yaran da ke haƙan suka fito, ƙasar ma daga ciki ta canja kala ta yi toka-toka da baƙi, ɗan ruwan da ya taru a gindin ramin kuma akwai maiƙo yana yawo a samansa.

Mai filin yace wannan ba komai bane duk gidan mai haka yake, wai in aka bar ramin a buɗe rana ta bugeshi warin zai tafi. Na tambayeshi tankunan da ke binne fa, yace yana jin an cire biyu amma bai da tabbas akan na ukun don gadon wurin ya yi. Ni gaskiya jikina ya yi sanyi. Tambayata, ana iya tsaftace irin wannan ƙasar kuwa ko kawai in haƙura? Idan ana iyawa ya ake yi, kuma wa ya kamata ya ɗauki nauyin aikin, ni ko shi? Ban biya ko sisi ba tukuna amma yana matsa min wai akwai wani mai so.

dan_kwangila:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a tsorata ka, mun sha yin aiki a irin wuraren nan. Katafila zaka samu ta kwashe ƙasar da ta ɓaci gaba ɗaya, tifa ta fitar da ita, a kawo jar ƙasa mai kyau a yi ciko a daddanne, sannan a zuba kankare mai kauri a kai shikenan magana ta ƙare. Wari baya ratsa kankare. Abinda kawai zaka yi shine ka sa a rage maka kuɗin filin saboda kuɗin katafila da ciko, ka nuna masa ramin da idonsa ai ba zai yi musu ba. In ka tsaya jiran masu gwaje-gwaje sai wani ya rigaka, su kullum sai sun samo maka matsala.

Injiniyar_Ruwa:

Malam dan_kwangila kayi haƙuri zan ɗan saɓa maka, rabin maganarka daidai ne don kwashe ƙasar tana cikin hanyoyin da muke bi kuma sau da yawa ita ce ta farko, amma a ce an zuba kankare magana ta ƙare, a'a. Kankare yana tsagewa, ga ramukan bututun ruwa da na wuta da suke ratsa shi, tururin fetur ta nan yake bi ya shigo ɗaki, kuma shago ne da ake rufewa da daddare ya kwana a kulle.

Alhaji MaiShaguna abinda ka gani a ramin nan saman matsalar ne kawai. Idan tanki ko bututunsa ya yi shekaru yana yoyo, man yana gangarawa ƙasa a hankali har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tunda fetur bai kai ruwa nauyi ba sai ya kwanta a samansa ya bazu. Da damina ruwan ya taso ya ɗaga man sama, da rani ya ja baya ya sauke shi, kaga duk ƙasar da ke tsakanin nan ta shafe da mai kenan. Sannan wani ɓangare na man yana narkewa cikin ruwan ya bi shi duk inda ya nufa, shi ruwan ƙasa bai san iyakar fili ba, yana iya kasancewa yanzu haka ya wuce katangarka ya shiga ƙarƙashin maƙwabta. Katafila bata kamo wannan.

Abin tsoro a cikin fetur shine sinadarin benzin, an tabbatar yana jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a lita ɗaya (maikirogiram shine kashi ɗaya cikin miliyan na giram), a Amurka ma 5 ne. Yi lissafi ka gani, ko da a ce kashi 1 cikin 100 ne kacal na fetur ɗin benzin, lita ɗaya tana ɗauke da kusan giram 9, wanda ya isa ya kai ruwa sama da lita 800,000 iyakar nan ta maikirogiram 10. Lita ɗaya fa. To ina ga tankin da ya yi shekaru yana ɗiga ba wanda ya sani. Kuma ba a dogara da hanci, ruwa yana iya wuce iyakar nan baka ji warin komai ba.

Don haka kafin a yi maganar wace hanya za a bi a gyara, sai an san abu uku, menene a ciki, ina ya kai, kuma wa yake iya taɓawa. Aikin mataki biyu ne. Na farko ba a haƙa komai, bincike ne na tarihin wurin, yaushe aka buɗe yaushe aka rufe, tankuna nawa, na ƙarfe ne ko wane iri, ina bututun suka bi, an taɓa yin juyen baƙin mai ko wankin mota a wurin, a duba tsofaffin hotunan sama, a tambayi tsofaffin ma'aikata da maƙwabta, a ƙirga rijiyoyi da bohol ɗin da ke kewaye. Mutane suna raina wannan matakin alhali shi yake nuna inda za a haƙa, in ba haka ba sai ka yi ta huda fili a inda ba komai ka fito da rahoto mai kyau na ƙarya. Tankin nan na uku da ba a da tabbas akwai na'urar gano ƙarfe da ta hango abinda ke binne, ba sai an yi ta tone-tone ba.

Mataki na biyu shine a huda ƙasa a wurare da dama, kusa da tankuna, ƙarƙashin inda famfuna suke, bin layin bututu, da bakin iyakar filin, a ɗebi samfurin ƙasa a zurfi daban-daban. Sai a saka ƙananan rijiyoyin sa ido, aƙalla uku, don da uku ne ake iya auna tsayin ruwa a gane ta ina yake gangarawa, biyu basa isa. Kuma a tabbatar ƙananan hudojin da ruwa ke shiga ta cikinsu a jikin bututun rijiyar sun ratsa daidai saman ruwan, in aka nutsar da su can ƙasa man da ke yawo a sama ba zai shigo ba sai a ce maka babu.

Wajen ɗibar samfur ma a kula don anan ake yawan cutar mutane. Benzin yana gudu cikin iska, in aka zuba ruwan a gorar roba aka jefa a bayan mota cikin rana kafin a kai ɗakin gwaji ya tafi. Ƙananan kwalabe ake amfani da su na mililita 40, a cika taf ba ko kumfa ɗaya a ciki, a sa a ƙanƙara, a gwada cikin kwana 14. Abubuwan da zaka ce a duba, jimillar mai da ke cikin ƙasar, benzin da 'yan uwansa uku da ake haɗawa a ce BTEX, da MTBE wanda aka riƙa zubawa a fetur a wasu ƙasashe kuma ya fi benzin saurin tafiya a ruwa, sannan dalma in gidan man tsoho ne sosai, don fetur mai dalma sai a 2021 aka daina sayar da shi a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe.

Kar ka biya sai ka ga wannan sakamakon. In mai filin ya ƙi yarda a huda to ka samu amsarka.

MaiShaguna:

Allah ya saka da alheri Injiniya, wlh kin buɗe min ido. To akwai abu biyu da ban faɗa ba don ban ɗauka suna da muhimmanci ba. Na ɗaya ina da niyyar haƙa bohol a wurin saboda banɗakunan shagunan da masu haya. Na biyu a jikin katangar ta baya akwai wani tsohon shagon wankin kaya irin na inji da ake wanke kwat da manyan kaya da sinadari ba da ruwa ba, shi ma yana cikin filin da za a sayar min, ya daɗe yana aiki kafin su tashi. Wannan ma yana da matsala ne? Kuma in an samu gurɓatar, aikin gyaran wata nawa yake ci?

Injiniyar_Ruwa:

Tabɗi. Alhaji wannan na biyun ai ya fi gidan man tayar min da hankali.

Masu irin wannan wankin yawanci da sinadarin PCE suke yi, shi kuma halinsa kishiyar na fetur ne. Ya fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai kilo 1.6, saboda haka in ya zube baya tsayawa a saman ruwan ƙasa, nutsewa yake ya yi ta tafiya har sai ya tarar da yumɓu ko dutse ya taru a kai, ko ya shige tsagar dutse inda ba mai iya binsa. Daga can yake ta narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Kuma yana ratsa daɓen siminti, ɗigon da ke zuba a gindin inji kullum da ruwan da ake zubarwa a kwata sun isa. Wani abin kuma, idan ya fara ruɓewa a ƙasa yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai masu guba, da farko TCE, daga nan DCE, daga nan binil kulorayid wanda ya fi uban nasa haɗari, iyakarsa a ruwan sha a Amurka maikirogiram 2 ne, na PCE 5. Sai in an yi sa'a akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Dehalococcoides a wurin sune suke ƙarasa shi ya zama iskar da bata cutarwa, in babu sai a kawo su a zuba tare da abincinsu. Shi fetur aƙalla bakteriyar ƙasa ta ko'ina tana cinsa in ta samu iskar oksijin, shi yasa yawanci baya yin nisa sosai, amma wannan yana iya tafiya mai nisa.

Maganar bohol ka ajiye ta gefe tukuna. Ba don ruwan da zaka sha kaɗai ba, haƙan kansa yana iya ɓata abu. In akwai shimfiɗar yumɓu da ta tare gubar a sama, kai kuma ka zo ka huda ta ba tare da an toshe gefen bututun da kyau ba, ka buɗe mata hanya zuwa ruwa mai zurfi da kowa ke sha. Sannan famfon bohol yana janyo ruwa daga kewaye, zai jawo gurɓataccen zuwa gare ka. Kuma kar wani yace maka a tafasa, tafasawa tana fitar da benzin ne cikin iskar ɗakin ka shaƙa, dalma kuwa ko gezau, ƙaruwa ma take in ruwan ya ƙone.

Hanyoyin gyara kuwa suna da yawa kuma yawanci haɗawa ake, ya danganta da irin ƙasar da irin gubar.

Komai za a yi sai an fara cire tushen, tankuna da bututu da ƙasar da ta jiƙe da mai, da man da ke kwance a saman ruwa a zuƙe shi. Anan shawarar dan_kwangila take aiki. Amma ba da ido ake tsayar da haƙa ba, ana ɗibar samfur a bango da gindin ramin a tabbatar an kai ƙasa mai tsafta kafin a yi ciko. Ƙasar da aka kwaso in fetur ko dizal ne ana iya gyara ta, a shimfiɗa ta akan leda mai kauri a tara ta tsibi-tsibi, a sa taki da ɗan danshi a riƙa juyawa ko a hura mata iska ta bututu, bakteriya ta cinye man cikin watanni. Baƙin mai ya fi taurin kai. Dalma da sauran ƙarafa kuwa ba abinda ke cin su, basa ruɓewa har abada, sai dai a kwashe a kai wurin da aka tanada ko a cakuɗa da siminti a ɗaure su yadda ruwa ba zai wanke su ba.

Inda katafila bata kaiwa, misali ƙarƙashin titi ko gini, ana saka bututu a zuƙo iskar cikin ƙasa da inji, tururin man ya biyo a tace shi da gawayin tacewa. Wani lokaci a haɗa da hura iska cikin ruwan daga ƙasa don ta kwaso abinda ya narke ta taso da shi. Wannan yana aiki sosai a yashi da tsakuwa, a yumɓu kuwa wahala ce kawai don iska bata ratsawa.

Akwai zuƙo ruwan a tace a mayar, wanda shi mutane suka fi sani kuma shi ya fi cin rai. Ka ɗauki soso da ya sha mai, ka yi ta ɗauraye shi ruwan yana fita fes, ka ajiye ka dawo ka matsa sai ga maiƙo, haka ƙasa take. Ana shekaru ana zuƙa awo ya sauka a kashe famfo, bayan 'yan watanni ya sake hawa saboda abinda ya maƙale a yumɓu yana fitowa. Ni a ganina amfaninsa shine tare gubar kar ta ƙetare zuwa maƙwabta, amma wanda yace maka da shi kaɗai zai wanke maka wurin PCE cikin shekara ɗaya ka riƙe aljihunka.

Sai allurar sinadari, a tura irin su famanganet ko fasalfet cikin ƙasa su ƙone gubar a inda take. Yana da sauri amma sai ya taɓa gubar kafin ya yi aiki, kuma sau da yawa sai an maimaita. Akwai kuma haƙa rami a gaban hanyar ruwan a cika da garin ƙarfe, ruwan yana ratsawa ƙarfen yana warware PCE da TCE ba inji ba wuta, tun shekarun 1990 ake yinsa. In gurɓatar kaɗan ce kuma ba rijiyar kowa a kusa, hukuma tana iya yarda a cire tushen a bar sauran ya ruɓe da kansa ana aunawa lokaci-lokaci, amma da awo fa, ba wai a tafi a manta ba.

Tsawon lokaci, in ƙasa ce kawai bata kai ruwa ba makonni zuwa 'yan watanni. In fetur ya shiga ruwa ka sa ran shekaru. In PCE ne ya nutse, ana iya shekaru gommai. Dubi yankin Ogoni a kudancin Najeriya inda malalar mai ta ɓata ƙasa da ruwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin a wasu rijiyoyi ya ninka iyakar Hukumar Lafiya sau 900, suka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Naka ba zai kai ko kusa da wannan girman ba amma halin ruwan ƙasa ɗaya ne. Labari mai daɗi shine ba dole sai an gama wanke ruwan kafin ka yi gini ba, ana iya cire tushen, a shimfiɗa leda ta musamman mai hana tururi a ƙarƙashin daɓe, a sa bututu da ƙaramar fanka tana zuƙe iskar ƙasan tana fitarwa ta saman rufi, shaguna suna aiki ana cigaba da sa ido a rijiyoyin. Sakawa lokacin gini ya fi sauƙi nesa ba kusa ba akan a zo a fasa daɓe daga baya.

Barista_M:

Injiniya ta gama da ɓangaren ƙasa, bari in taɓa tambayarka ta wa zai biya don ita ce tafi cin mutane.

A ƙa'ida kusan ko'ina ana cewa wanda ya ɓata shi zai gyara. Amma a aikace wanda ya ɓata ya mutu, ko kamfanin ya rushe, ko ba a san inda yake ba, wanda hukuma da maƙwabta suke gani shine mai filin na yau. A Ingila dokar tasu a fili ta faɗa, a fara neman wanda ya jawo gurɓatar, in ba a same shi ba nauyin ya koma kan mai wurin ko wanda ke zaune a ciki. A Amurka ma ta fi tsanani, dokar Superfund ta 1980 tana iya kama mai filin yanzu ko da ba shi ya zubar ba, shi yasa a can da wuya banki ya bada bashi akan filin kasuwanci ba a kawo rahoton binciken muhalli ba, kuma yin binciken kafin saye shine yake ba mai saye kariya. Dokar ma asalinta daga cinikin fili ne, wata unguwa ce Love Canal a jihar New York, kamfanin Hooker ya binne sharar sinadarai kimanin tan 21,000, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu da wurin akan dala 1 har da gargaɗi a cikin takardar, aka gina makaranta da gidaje, a 1978 sai kwashe mutane aka yi. To dokar inda kake sai ka zauna da lauyanka ya duba maka, amma kar ka ɗauka cewa "ba ni na zubar ba" zai fitar da kai.

Ni in ni ne lauyanka ga abinda zan sa a takarda. Ciniki ya rataya akan sakamakon gwaji, in ya fito da muni kana da damar janyewa a mayar maka da kafin alƙalaminka. Mai gwajin kai zaka ɗauko shi kuma da sunanka rahoton zai fito, ba wanda mai filin ya kawo ba. In ka yanke shawarar saye duk da haka, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun wani amintacce na uku har sai an gama gyaran, don alƙawarin "in matsala ta taso zan biya" darajarsa daidai take da aljihun mai yinsa ranar da ta taso. Kuma rahoton nan ka adana shi da kyau, shine shaidarka ta yadda ka tarar da wurin, ranar da maƙwabci zai zo yace rijiyarsa tana wari shi zai raba ku.

Batun wai akwai wani mai so, bar shi ya saya. Biyan kuɗi kafin a san abinda ke ƙarƙashin wurin nan cinikin biri a sama ne.

dan_kwangila:

To Injiniya na ji bayaninki kuma ban musa ba, amma ku ma ku riƙa faɗin gaskiya, ba kowane tsohon gidan mai bane yake zama Ogoni, da yawa in an cire tanki aka kwashe ƙasar gefensa shikenan awo yana fitowa lafiya, kar Alhaji ya gudu ya bar wuri mai kyau a banza. A gwada ɗin dai na yarda.

Abu ɗaya da zan ƙara wanda shi ɓangarena ne, tankin nan na uku. Alhaji dan girman Allah in an same shi kar ka bari masu gwangwan ko mai walda su kusance shi da wuta ko abin yanka. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari don tururi ne fal a ciki, kaɗan ya gauraya da iska ƙyastu ɗaya ya isa, kuma yana iya shekaru a haka. Sai an zuƙe ragowar man da dagwalon gindinsa, a kore tururin da ruwa ko iskar naitirojin ko busasshiyar ƙanƙara (daskararriyar iskar kabon dayoksaid), a auna da na'ura a ga ya sauka, sannan a ɗaga shi. Kuma kar a tura yaro ciki wai ya wanke, mutane suna mutuwa a haka. Ramin gwajin da kuka haƙa ma a mayar da ƙasa a rufe ko a kewaye shi, kar wani ya zo ya tsaya a bakinsa da sigari.

Injiniyar_Ruwa:

Wannan gaskiya ne Malam, duka biyun. Da yawa suna ƙarewa a cire tanki da kwashe ƙasa, ni dai shagon wankin ne yasa nace a bi a hankali. Kuma in an ɗaga tankin a duba jikinsa da kyau a ɗauki hoto, hujin tsatsa yana nuna ta inda ya yi yoyo, ko da yake sau da yawa ba tankin bane ma, mahaɗar bututu ne da gindin famfo da bakin da tanka ke juye mai.

Sai tambaya ɗaya gareka dan_kwangila, tifar nan da zata fitar da ƙasar ina zata kai ta? Don abinda muke gani shine a kwashe daga nan a sayar wa wani a matsayin ciko, ya zuba a filin gidansa yara suna wasa a kai. Alhaji ka sa a yarjejeniyar ɗan kwangilarka cewa kowace tifa sai an rubuta lambarta da inda ta sauke, wurin kuma ya zama wanda hukumar muhalli ta amince da shi, ka karɓi takardar. Ƙasar cikon da za a kawo maka ita ma a gwada ta kafin a zuba. Sannan ka shigar da hukumar tun kafin a fara aikin ku yarda akan iyakar da za a sauko da gubar zuwa gare ta, don iyakar da ake nema a wurin shaguna ba ɗaya take da ta gidan zama ko makarantar yara ba, in kana da niyyar sa ɗakunan kwana a saman benen ka faɗa musu tun yanzu.

MaiShaguna:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na kira mai filin na faɗa masa sharaɗina, a bari a huda a gwada har da wajen shagon wankin, in ya yarda mu cigaba. Yace zai yi shawara da 'yan uwansa tunda gado ne. Injiniya in sun amince zan turo miki jerin abubuwan da mai gwajin yace zai duba ki gani ko akwai abinda ya bari, musamman wajen zurfin rijiyoyin nan.